Kibiyar Da Aka Goge

Shafi na 14

Na ga saƙonninku. Masu cewa na ɓuya, da masu cewa in ban kawo ci gaba ba za su biyo ni har bakin teku, duk na gani. Ba jan aji nake yi ba. Shafin nan ne ya ƙi rubutuwa, in fara in ajiye, in fara in ajiye. Ke kuma da kike ta zagin Yaya Aderito tun shafin baya, ki ɗan riƙe bakinki har ki kai ƙarshe.

Kun tuna inda muka tsaya. Cikin baƙin da nake wa jagora a ƙafa daga Porto zuwa Santiago ta bakin teku, akwai Madam Hanneke 'yar ƙasar Holan. Ta bi kibiyoyin rawaya masu nuna hanya da mahaifina, Baba Custodio, ya zana a tsohuwar hanyar cikin duwatsu, wadda aka daina bi tuntuni. Teku ya cika ya rutsa da ita, ta zame ta karye a ƙafa. Ƙungiyar masu kula da hanya suka ce ya isa haka, a karɓe buroshi daga hannun tsohon. Yayana Aderito ya ƙara da nasa: ya samo wa Baba gurbi a gidan tsofaffi na 'yan sistan coci, can cikin tudu, inda ko warin teku ba ya kaiwa. Yau ce ranar da zai kai shi.

Da sassafe na bar sauran baƙin a hannun abokiyar aikina, na biya asibiti a Viana. Na tarar da Madam Hanneke an ɗaga mata ƙafa sama, tana cin lemo abinta.

"Zauna, Deolinda," ta ce. "Kin fi ni kama da wadda ta karye."

"Madam, ki yi mana haƙuri. Babana tsoho ne, kansa ya fara..."

"Kansa lafiya lau."

Na zauna a gefen gadon.

"Tun mijina na raye nake bin irin hanyoyin nan," ta ce. "Kibiyar matafiya a daidai ido ake zana ta, kuma nesa da juna. Waɗannan a ƙasa suke, daidai gwiwa, manya-manya, kusa da juna kamar ana jan hannun yaro. Ba mu aka zana wa ba. Ni ce na shiga hanyar wani."

"Hanyar wa?"

"Ni za ki tambaya? Ki je ki tambayi mai buroshin."

Maganar nan ta bi ni har ƙauyenmu, ta ƙi sakina.

Ina shan kwanar gidanmu na hango motar Yaya Aderito a ƙofa. Aikinsa ke nan, shi ke kwasar jakunkunan baƙi daga masauki zuwa masauki, su kuma su taka da ƙafa hannu wayam suna ɗaukar hoton teku. Bayan motar a buɗe, jakunkuna ja da shuɗi an jera su har rufi. A can gefe na ga tsohon akwatin Baba mai ruwan ƙasa, wanda ya tafi da shi aikin jirgin kamun kifi tun ba a haife ni ba.

An ɗaura wa akwatin takardar suna a hannu, irin wadda ake ɗaura wa jakar baƙo.

Nan take raina ya ɓaci.

"Yaya, mene ne wannan?"

Yana ɗaure igiya, ko juyowa bai yi ba. "Akwati."

"Na ga akwati ne. Takardar fa?"

"Hannu ne ya saba. Cire ta in ta dame ki."

"Shi ma Baban ka ɗaura masa a wuya mana, kada a sauke shi a masaukin da ba nasa ba."

Sai a lokacin ya juyo. Idanunsa jajur, da gani shi ma bai yi barci ba, amma ban tausaya masa ba.

"Linda, kada ki fara. Ke kina can kina yi wa baƙi bayanin coci da gada, ni ake bugo wa waya. Ni na shiga ruwa har ƙirji na ɗauko matar nan. Da na yi jinkiri kaɗan, gawa zan ɗauko."

"Sai a ƙwace fentin, ba sai an ƙwace masa gidansa ba."

"Sau nawa na ƙwace? Na ɓoye a sito, ya sayo wani. Na roƙi mai kanti ya daina sayar masa, ya hau bas ya je Esposende ya sayo. Na tambaye shi dalili, ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba. Mutum mai hankali ne zai yi haka?"

"Ubanmu ne fa."

"Ubana ne kafin ya zama naki. Teku ya ci mana uwa, ba zan zauna ina kallo ya ci uban ba, ya haɗa da matan mutane."

Ya rufe bayan motar da ƙarfi.

"Zan je shagona in kwaso ragowar jakunkunan. In na dawo mu wuce. Ki yi masa sallama, kuma don Allah ban da kuka, kin san ba ya so."

Shagon da yake faɗa shi ne wurin sayar da kofinsa da ke kan titin kwalta, inda sabuwar hanyar matafiya take bi yanzu. Ya ja motar ya tafi, akwatin Baba yana girgiza a cikin jakunkuna.

Na shiga kicin. Baba yana zaune a gaban tebur cikin baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya taje kai, ya ɗora hularsa a gwiwa. An zuba masa miyar kabeji da burodin masara, bai taɓa ba. Ya goge hannuwansa da kananzir har fata ta yi ja, amma rawayar da ke gefen faratansa tana nan, ita kam sai dai a binne shi da ita.

"Auta, kin zo."

"Na zo, Baba."

"Ya baƙuwar?"

"Da sauƙi. Tana gaishe ka."

"Gaishe ni?" Ya yi wani ɗan murmushi. "Na karya mata ƙafa tana gaishe ni. Mutanen nan dai."

Na ja kujera na zauna kusa da shi.

"Baba, wa kake zana wa?"

"Matafiya mana. Wa nake zana wa tun kina goye?"

"Matafiya ba sa tafiya suna kallon gwiwarsu."

Hannunsa ya tsaya a kan hular.

"Wa ya gaya miki haka?"

"Wadda ka karya."

Ya mayar da ido kan miyar. Na ɗauka zai yi min abin da yake yi wa Yaya, ya yi kamar bai ji ba. Sai ya ce, "Tashi ki ɗauko min gishiri."

"Baba, magana nake yi maka."

"Na ji. Ɗauko min gishiri."

Na tashi cikin haushi na nufi kantar kicin. Gwangwanaye ne jere iri ɗaya, na sukari, na gari, na kofi, na gishiri. Hannuna ya tafi kai tsaye kan na gishirin, don shi ne mai ɗigon rawaya a murfi. Na ajiye masa a gaba.

"Ta yaya kika gane shi?"

"Ai shi ne mai fenti."

"Wa ya sa masa fentin?"

"Kai mana. Ko ba kai kake goge buroshinka a duk abin da ka samu ba? Inna har ta gaji da yi maka faɗa."

"Kin taɓa jin ta yi min faɗa a kan wannan?"

Ban taɓa ji ba. Inna Palmira da take wa mutum faɗa in ya shigo da yashi a takalmi, ban taɓa jin ta ce uffan a kan fentin ba.

"Duba da kyau, auta," ya ce. "Kicin ɗin uwarki ne, duba."

Na duba. Rawaya a mariƙin ƙofa. Rawaya a makunnin murhu, na hagu kaɗai, wanda take dafa miya a kai. Rawaya a bakin matakalar da ke sauka tsakar gida. Rawaya a hannun kofinta, a ƙusar da take rataya mukulli, a gefen tagar da take buɗewa da safe. Shekara da shekaru ina shiga ina fita cikin ɗakin nan, ina cewa Babana ƙazami ne.

Na koma na zauna.

"Ba ta gani," na ce.

"Yanar ido ce ta kama ta, duka biyun. A hankali ta zo. Da farko zare a allura, daga baya fuskar mutane. A ƙarshe komai ya zame mata toka-toka, rawaya kaɗai take iya tsinta."

"Amma tana gane mu. Tana kiran sunana tun daga ƙofa."

"Takunki take ji. Ke kina jan ƙafar hagu, yayanki yana shigowa kamar an biyo shi."

"Me ya sa ba ku gaya mana ba? Ai aiki ake yi, Baba. Aikin da ba ya ɗaukar wuni."

"Je ki gaya wa uwarki haka." Ya girgiza kai. "Tata uwar an kai ta aikin ido a zamanin da, ta dawo ba ta ganin ko rana. Palmira ta ce wuƙa ba za ta taɓa idonta ba. Ta ce in kun sani, ke za ki yi ta kuka, Aderito kuma zai ɗauke ta cak ya kai asibiti, ya hana ta sauka teku kwasar ciyawa. Ta sa na rantse a gaban hoton Maryamu."

"Kai kuma ka biye mata."

"Kin taɓa ganin wanda bai biye mata ba a gidan nan?"

Dariya ta so ƙwace min, kuka ya riga ta.

Sai na tuna yadda baƙi suke tsokanata. Duk ayarin da na kawo sai wani ya ce, Deolinda, kibiyoyin garinku sun kai ƙofar ɗaki girma, makafi ne ke bin hanyar? Ni ma in yi dariya in ce Babana ne ba ya tausayin fenti.

"Kowace bazara ina ƙara musu girma," in ji Baba, kamar ya ji abin da ke raina. "Ina sauko da su ƙasa, ina matso da su kusa. Ƙungiya suna yaba min, wai na fi kowa ƙwazo. Ita kuwa ta ɗauki manjagararta da kwando ta sauka, ta kwaso ciyawar teku ta takin gona, ta biyo rawaya har ƙofar gida. Ba wanda ya taɓa ganin ta yi tuntuɓe."

"To ranar da teku ya ɗauke ta fa? In tana bin kibiya, me ya ɓatar da ita?"

Ya juya hular a gwiwarsa.

"Baba."

"Hazo ne. Kowa ya san hazo ne."

"Hazo ba baƙonta ba ne. Wadda komai ya zame wa toka, me hazo zai ƙara mata?"

Ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa ganin tsoro a idon mahaifina ba sai ranar, mutumin da ya sha kwana a kan teku cikin guguwa.

"Kin san Hancin Tsohuwa," ya ce.

Wa bai san shi ba a ƙauyenmu? Dutsen ne da hanya take rabuwa a gindinsa. In ka bi dama ka hau zuwa gidanmu. In ka bi hagu ka hau wani falalen dutse mai santsi da ya miƙe cikin teku, wanda ruwa ke shanyewa in ya cika. A kan falalen nan aka tsinci manjagarar Inna da takalminta ɗaya. Ita kam har yau teku bai dawo mana da ita ba.

"Kibiyar da ke jikinsa ta fi duka girma," ya ce. "Makon da abin ya faru ina kwance a asibiti, an yi min aikin ƙaba, kin tuna. Na ce mata kada ta sauka sai na dawo. Ta ce to. Kin san 'to' ɗin uwarki."

"Na sani."

"Da aka sallame ni, bayan an gaji da nema, na lallaɓa na sauka ni kaɗai. Na je gindin dutsen." Ya sunkuyar da kai. "Babu kibiya, auta. An shafe ta da fenti ruwan toka. Ita da duk na bayanta har gida. Fentin ko gama bushewa bai yi ba, yana kama yatsa."

Ban tambayi wanda ya shafe ba. A makon nan ne aka mayar da hanyar matafiya kan kwalta. A makon nan ne Yaya Aderito ya buɗe shagonsa.

"Bai yi da mugunta ba," Baba ya ce da sauri, yana kama hannuna. "Ki ji ni da kyau. Ƙungiya ce ta ce hanyar duwatsu tana da haɗari, a rufe ta. Shi kuma ya ga ina kwance, ya ce bari ya hutar da ni. Shagon ma yana ciki, ban ce babu ba, yaro ne mai iyali. Amma bai sani ba. Ta ina zai sani? Mu muka ɓoye masa."

Na tuna Yaya a kwanakin neman. Shi ne ya ƙi fitowa daga ruwa har sai da maza suka janyo shi, leɓɓansa sun yi shuɗi. Shi ne ɗan gaban goshin Inna, ko kifi ta gasa shi take cire wa ƙaya har ya yi gemu. Tun daga ranar bai ƙara sa wani abin da ya fito daga teku a bakinsa ba. Ni kuwa ɗazu na tsaya a ƙofa ina yi masa gori.

"Shekara uku kana riƙe da wannan kai kaɗai?"

"Da wa zan riƙe?"

"To me ya sa ka koma zanawa? Ka san ba za ta..."

"Ban haukace ba, auta. Na san ta mutu. An yi mata addu'a a coci, ina kunna mata kyandir. Amma duk safiyar da na buɗe taga na ga hazo, sai in ji tana can tsaye a gindin dutsen da kwando a ka, tana lalube, tana cewa Custodio ya manta da ni. Sai in ga kaina a ƙasa da buroshi." Ya dubi faratansa. "Kaina ya yarda. Hannun ne ya ƙi."

Na kifa kaina a kan teburin na yi kukan da aka ce kada in yi. Ya bar ni na yi, yana shafa min baya kamar ina 'yar shekara biyar.

Da na ɗago na ce, "Ba inda za ka. Zan gaya wa Yaya. In ya san dalili ba zai kai ka ko'ina ba. A sa sarƙa a bakin hanyar, a kafa allo, baƙi su bi kwalta, kai kuma ka yi ta zanenka."

"Sai ya tambaye ki me ya sa uwarsa take buƙatar kibiya."

"Sai in ce masa ba ta gani."

"Sai kuma me? Yayanki wawa ne?"

Na kau da kai.

"Kafin ki rufe baki ya haɗa lissafin," ya ce. "Kuma na san ɗana. Ba zai yi kuka irin naki ya tashi ba. Zai sauka can ne."

"Gidan nan fa da za a kai ka, ko taga ba ta kallon teku. Ba za ka yi wata shida ba, Baba, na san ka."

"Na karya matar mutane, Deolinda. Wannan kam laifina ne, ba na kowa ba. Da hannuna na haɗa akwatin." Ya gyara wuyan kwat ɗinsa. "Tsoho mahaukaci ba abin kunya ba ne, kowane gida akwai. Ki bar shi ya ci gaba da cewa na haukace."

"Ba zan iya ba."

"Za ki iya. Uwarki ta sa ni na rantse, ni kuma roƙonki nake yi."

Muka ji ƙarar mota a waje, sai takun Yaya, da sauri kamar an biyo shi. Baba ya damƙe wuyan hannuna a ƙarƙashin tebur. Na share fuska da gefen riga.

Yaya ya turo ƙofa ya tsaya a bakinta. Hannunsa ɗaya a kan mariƙin, ɗayan riƙe da wani tsohon gwangwanin fenti da ya yi tsatsa. Ya dube ni ya yi tsaki a hankali.

"Na ce ban da kuka." Ya juya ga Baba, ya sassauta murya. "Baba, ka ɗan ci miyar mana, hanya da nisa. Ku ba ni ɗan lokaci, ruwa ya janye, bari in sauka in shafe abubuwan nan kafin wani ya sake bi."

"Bar shi, Yaya," na ce. "Ni zan yi gobe."

"Ke? Kin san inda suke? Ni na san su ɗaya bayan ɗaya, ai ni na goge su wancan karon. Ragowar fentin ce ma wannan, a bayan shago na tono ta."

Yatsun Baba suka ƙara nutsewa a hannuna.

"Ranar ma nan na biyo," Yaya ya ci gaba, yana ɗan murmushi irin na wanda ya tuna abu mai daɗi. "Inna tana zaune a kujerar nan da kike kai. Na tsaya nan, daidai nan, da gwangwanin a hannuna. Ta ɗago tana kallona ta ce, Aderito, me ka riƙo yake wari haka? Na ce kai Inna, ga abu a gabanki kina tamba..."

Bai ƙarasa ba.

Murmushin ya tsaya a fuskarsa, sannan ya zame a hankali. Ya dubi gwangwanin. Ya dubi kujerar. Ya ɗaga hannunsa daga mariƙin ƙofar, ya tsura wa rawayar da ke ƙarƙashi ido. Daga nan idonsa ya tafi kan murhu, ya tafi kan ƙusar mukulli, ya sauka a murfin gishirin da ke gaban Baba.

"Mu tafi, ɗana," Baba ya ce, yana miƙewa da hularsa. "Rana tana yi. Mu tafi kawai."

Yaya ko kallonsa bai yi ba. Ni yake kallo.

"Linda," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Tana kallona fa. Me ya sa ta tambaye ni abin da ke hannuna?"